Ƙwaya 100 cikin da'ira ɗaya: Yadda mafarautan talotalo a Amurka ke jarraba bindiga kafin shiga daji

Da zarar sanyi ya fara ja baya a Amurka, wajen watan Fabrairu zuwa Maris, filayen koyon harbi kan cika da mutane riƙe da manyan takardu da alƙalami da kwalin harsashi.

Mutum zai manna takarda a jikin allo, ya auna tazarar yadi 40, ya zauna ya yi harbi ɗaya tak. Daga nan sai ya ajiye bindiga, ya je ya tsuguna gaban takardar yana ƙirga 'yan ƙananan hudoji ɗaya bayan ɗaya.

Waɗannan mafarautan talotalon daji ne, suna shirin lokacin farauta da ake buɗewa tsakanin Maris da Mayu, gwargwadon dokar kowace jiha.

Abin da suke son sani shi ne: idan tsuntsu ya tsaya a wannan tazara, bindigar za ta kashe shi nan take, ko kuwa za ta raunata shi ne ya gudu ya je ya mutu a cikin ƙungurmi?

Tsuntsun da ya kusa ƙarewa

Talotalon da ake kiwo a gidaje jikan na daji ne. A ƙasar Meziko aka fara mayar da shi na gida, daga can Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, sannan ya bazu a duniya.

Na dajin kuwa ya sha bamban da na gida. Yana iya gudun kusan kilomita 40 a awa ɗaya, yana tashi sama, kuma a kan bishiya yake kwana. Idonsa na bambance launi, yana hango motsi kaɗan daga nesa.

Duk da wannan wayo, yawan farauta da sare dazuka sun kusa gamawa da shi. Zuwa shekarun 1930, wasu ƙiyasai sun ce abin da ya rage a faɗin Amurka bai wuce 30,000 ba.

Abubuwa biyu suka taimaka wajen dawo da shi. Na farko dokar Pittman-Robertson ta 1937, wadda ta ware harajin bindigogi da harsasai domin kula da namun daji. A yau harajin kashi 11 cikin 100 ne a kan bindigogin farauta da harsashi.

Na biyu dabarar kama tsuntsayen da raga mai harbawa, wadda aka fara cin nasarar amfani da ita a kan talotalo a jihar Karolina ta Kudu a 1951. Da ita aka riƙa kwasar su da rai ana kai su dazukan da suka ƙare.

A 1973 aka kafa ƙungiyar NWTF mai kula da talotalon daji. Zuwa farkon shekarun 2000 adadinsu ya kai kusan miliyan 7, kuma ana farautar su a jihohi 49, wato ko'ina ban da Alaska.

Wannan tarihi ne ya sa raunata tsuntsu ba tare da an same shi ba ya zama abin kunya a tsakanin mafarautan ƙasar.

Me ya sa sai kai da wuya?

Bindigar da ake wannan farauta da ita ba dunƙulallen harsashi ɗaya take fitarwa ba. Kwanso ɗaya na ɗauke da ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyi, da zarar sun bar bakin bindiga sai su fara watsuwa, suna ƙara buɗewa gwargwadon nisa.

Namijin talotalo kan kai kilo 8 zuwa 11. Jikinsa na lulluɓe da gashi dubu biyar zuwa shida, ga ƙaƙƙarfan fiffike, ga tsokar ƙirji mai kauri. Ƙwayoyin da suka doki jiki sau da yawa ba sa isa zuciya ko huhu.

Don haka mafarauta ke neman ƙoƙon kai da ƙashin wuya. Matsalar ita ce wurin ƙarami ne ƙwarai. Ƙwaƙwalwar ba ta wuce girman goro ba, ƙashin wuyan kuma bai fi kaurin yatsa ba.

Dole ƙwayoyin su isa wurin a cunkushe, ta yadda babu wata kafa da wuyan tsuntsu zai shige ba a taɓa shi ba.

Daga nan aka samo ma'aunin da galibin mafarauta ke bi: a samu aƙalla ƙwaya 100 a cikin da'ira mai faɗin inci 10, kimanin santimita 25, daga tazarar yadi 40, wato kusan mita 37.

Ba doka ba ce ta gwamnati. Ƙa'ida ce da aka gina a kan gogewa. Duk tazarar da bindiga ta kasa zuba ƙwaya 100 a cikin da'irar, nan ne iyakarta, ko da nawa aka saye ta.

Yadda ake gwajin takarda

Gwajin ba ya buƙatar kayan tsada. Ana samun takarda mai faɗi, kusan mita ɗaya kowace kusurwa, a ɗiga alama a tsakiya. Ƙaramar takarda kan yaudari mutum, domin idan ƙwayoyin suka karkata gefe ba zai ga inda mafi yawansu suka faɗa ba.

Ana ɗora bindigar a kan buhun yashi ko wani abin tokare, domin a cire rawar hannu daga lissafi.

Masu ƙwarewa kan fara da harsashi mai araha, marar ƙarfi, daga yadi 20 zuwa 25, don ganin ko bindigar na zubawa daidai inda aka saita. Sai an gyara wannan ake ɗauko harsashin farauta na gaske a koma yadi 40.

Bayan harbi ne ake zana da'irar, ba kafinsa ba. Ana duba inda hudojin suka fi yawa, a kewaye wurin, a ƙirga. Sannan a auna tazarar da ke tsakanin tsakiyar da'irar da alamar da aka saita.

Ƙirga kaɗai ba ta isa ba. Ana kuma duba yadda hudojin suka rarrabu. Da'ira mai ƙwaya 150 da suka taru gefe guda suka bar fili kamar tafin hannu ba ta kai mai ƙwaya 120 da suka bazu daidai ba.

Harbi ɗaya ma ba ya zama hujja. Kwanso biyu daga kwali ɗaya na iya ba da sakamako daban, shi ya sa ake yin aƙalla uku, kowanne da sabuwar takarda, a ɗauki matsakaici.

A ƙarshe mafarauci kan bar teburi ya zauna a ƙasa, ya jingina da wani abu, ya ɗora bindiga a gwiwa, sanye da tufafi da abin rufe fuskar da zai shiga daji da su. A haka zai yi harbin ranar farauta, don haka a haka ya kamata ya gwada.

Mamatsin bakin bindiga

Abu na farko da ke sarrafa watsuwar ƙwayoyi shi ne matsewar da ake yi wa ƙarshen bututun bindiga. Kamar yadda mai ban ruwa ke matse bakin tiyo da yatsa don ruwa ya yi nisa, haka wannan matsi ke tattara ƙwayoyi.

Dabarar ta daɗe. Maƙerin bindigogi na birnin Bamingam a Ingila, W.W. Greener, na cikin waɗanda suka yaɗa ta a shekarun 1870.

A bindigogin zamani mamatsin ɗan gajeren bututu ne mai zare da ake murzawa a baki, ana iya cire shi a sa wani.

Bindiga mai geji 12, wadda aka fi amfani da ita, faɗin bututunta kimanin milimita 18.5 ne. Cikakken mamatsi na gama-gari kan rage shi zuwa wajen milimita 17.6. Waɗanda aka ƙera musamman don talotalo sukan matse har ƙasa da milimita 17.

Sai dai yawan matsi ba kullum yake nufin kyau ba. Idan ya yi yawa, ƙwayoyin kan murƙushe juna a wajen fita, su lanƙwashe, su fanɗare ta gefe. Manyan ƙwayoyi sun fi son baki mai ɗan sauƙi, ƙanana sun fi jure matsi.

Haka kuma bindiga biyu ƙirar kamfani ɗaya na iya nuna hali daban da mamatsi iri ɗaya da harsashi iri ɗaya. Abin da ya yi wa aboki aiki ba lallai ya yi wa wani ba. Takarda ce kaɗai ke raba gardama.

Tsafta ma na da nata rabon. Ƙwayoyin na fita ne a cikin wani ɗan kofin roba, kuma robar kan bar saura a jikin bututu. Mafarauta da yawa kan ga adadin hudoji ya ƙaru bayan sun goge bututun tas.

Dalma ko tangistin?

Shekaru da dama ƙwayar dalma ce ke mulki, musamman lamba 4 da 5 da 6. A wannan lissafi, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙwaya.

A cikin giram 28 na dalma ana samun ƙwaya kusan 135 ta lamba 4, ko 170 ta lamba 5, ko 225 ta lamba 6.

Nan ne mafarauci ke shiga tsaka mai wuya. Babbar ƙwaya ta fi ƙarfin huda ƙashi daga nesa amma ba ta da yawa. Ƙarama ta fi cika da'ira amma ƙarfinta na saurin ƙarewa.

Dalma kuma tana da laushi. Ƙarfin tashin albarushi kan lotsa ƙwayoyin da ke ƙasan kwanso, kuma lotsattsiyar ƙwaya ba ta tafiya miƙe.

Kamfanoni sun yi ta neman mafita. Wasu suna shafa wa ƙwayoyin tagulla, wasu suna zuba garin roba a tsakaninsu. Kamfanin Winchester ya fito da harsashin Long Beard XR, inda ake daskarar da ƙwayoyin cikin wani irin ƙaro da ke farfashewa lokacin harbi ya kare su daga lotsewa.

Babban sauyi ya zo ne da tangistin, ƙarfen nan da ake yin zaren tsohon ƙwan lantarki da shi. Ƙwayar da ake kira TSS nauyinta giram 18 ne a kowane santimita murabba'in ɗaki, alhali na dalma kimanin 11 ne.

Masu cusa harsashi da kansu a gida ne suka fara amfani da ita, kafin kamfanin Federal ya shigo da ita kasuwa sosai a 2018.

Saboda nauyinta, 'yar ƙaramar ƙwaya lamba 9 mai faɗin milimita 2 na yin huda kusan irin ta dalma lamba 5. Kuma a giram 28 ana samun kusan guda 360, wato ninki biyu.

Sakamakon haka ƙananan bindigogi suka samu daraja. Kwanson bindiga mai lamba .410, wadda a da ake ɗauka ta yara ce, na ɗaukar giram 23 na TSS, kimanin ƙwaya 290. Kusan adadin da babbar geji 12 ke fitarwa ke nan da giram 50 na dalma lamba 5. Jihohi da dama sun gyara dokokinsu don halatta ta.

Tsadar ce matsala. Kwanso ɗaya na TSS kan kai dala 10 ko fiye. China ce ke samar da kusan kashi 80 cikin 100 na tangistin ɗin duniya, kuma tun da ta tsaurara fitar da shi a Fabrairun 2025 farashinsa ya ƙara hawa.

Wannan tsada kan sa wasu su tsallake gwajin takarda don tattalin harsashi, su shiga daji da abin da ba su taɓa ganin aikinsa ba.

A wasu wuraren ma dalma ba zaɓi ba ce. Amurka ta haramta ta a farautar tsuntsayen ruwa tun 1991 saboda gubarta, jihar Kalifoniya kuma ta hana ta a kowace irin farauta daga Yulin 2019.

Inda aka saita daban, inda aka samu daban

Yawancin bindigogin nan an ƙera su ne don harbin tsuntsu a sama, da ɗan ɗigon ƙarfe ɗaya a baki. Idon mai harbi shi ne ke zama saitin baya.

Idan ya ɗaga kumatunsa daga gindin bindiga ko da kaɗan ne, don ya leƙa tsuntsun da kyau, harbin zai wuce ta sama. Wannan na cikin manyan dalilan kuskure, musamman lokacin da zuciya ke bugawa.

Wata bindigar ma tun daga masana'anta tana zubawa sama ko gefe. A farautar tsuntsu mai tashi ba a cika lura ba, saboda ƙwayoyin na bazuwa da faɗi. Amma idan an matse su cikin inci 10, karkatar inci shida ta isa a rasa tsuntsu gaba ɗaya.

Shi ya sa mafarauta da yawa ke ɗaura saiti mai gaba da baya irin na bindigar soja, ko gilashi mai jan ɗigo. Ana murɗa shi har ɗigon ya hau daidai tsakiyar inda ƙwayoyin ke faɗawa.

Wurin da ake saitawa shi ne tsakiyar wuya, inda gashi ya haɗu da jar fata. Wanda ya saita ƙoƙon kai, rabin ƙwayoyinsa iska za su bi.

Ba a kuma harbin namiji yana cikin taƙama, ya baza wutsiya ya maƙale kai a jiki. Mafarauci kan yi ɗan sauti da abin kiransa, tsuntsun ya miƙe wuya don dubawa, sannan a ja kunama.

Kusa ma akwai kuskure

Mutane kan zaci nesa ce kawai ke da wuya. Amma bindigar da aka matse don yadi 40, a yadi 10 zuwa 15 ƙwayoyinta ba su wuce dunƙulen hannu ba. Kan talotalo kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Saboda haka ake shawartar a gwada takarda a yadi 15 da 20 da 30, ba 40 kaɗai ba. Tazarar da aka fi so ita ce yadi 20 zuwa 30, inda ƙwayoyin suka buɗe daidai kuma suna da cikakken ƙarfi.

Akwai kuma batun shuri. A 1988 kamfanonin Mossberg da Federal suka fito da dogon kwanso mai inci uku da rabi. Idan aka cika shi da ƙwayoyin talotalo, dukan da yake yi wa kafaɗa na kusa da na manyan bindigogin harbin giwa.

Wanda ya sha wannan duka sau biyu ko uku, jikinsa kan fara zabura tun kafin ya ja kunama, ya rufe ido, bakin bindiga ya kauce. Da yawa sun koma geji 20 saboda wannan, kuma harbinsu ya gyaru.

Harbin da ya kusa kashe zakaran keke

Ƙwayoyin da aka tattara don huda ƙashi ba sa bambance tsuntsu da mutum. Farautar talotalo na da haɗari na musamman, domin mafarauci na sanye da tufafi masu launin daji, yana ɓoye, yana kuma kwaikwayon kukan tsuntsun.

A Afrilun 1987 Greg LeMond, Ba'amurke na farko da ya lashe gasar tseren keke ta Tour de France, ya fita farautar talotalo a Kalifoniya. Wani surukinsa ya ji motsi a cikin ciyayi ya yi harbi, bai san shi ne a wurin ba.

Ƙwayoyi kusan 60 suka shige shi ta baya da gefe. Jirgi mai saukar ungulu ne ya garzaya da shi asibiti. Ya rasa gasar shekara biyu, kafin ya dawo ya lashe ta a 1989 da 1990, da ƙwayoyi sama da 30 a jikinsa waɗanda likitoci ba su iya cirewa ba.

Hukumomin namun daji na maimaita ƙa'idoji kaɗan. Kada a harbi motsi ko sauti, sai an ga tsuntsun sarai har da gemun ƙirjinsa. Kada a sa ja ko fari ko shuɗi, domin launin kan namijin ke nan. A jingina da bishiyar da ta fi kafaɗa faɗi. Idan an hango wani mafarauci, a yi magana da ƙarfi, kada a ɗaga hannu.

Wasu jihohi, kamar Misuri, sun hana amfani da ƙwayar da ta fi lamba 4 girma a wannan farauta.

Muhawarar nisa

Zuwan tangistin ya haifar da gardama. Yanzu akwai bindigogin da ke cika ƙwaya 100 a yadi 60 ko fiye, kuma wasu na ganin tunda kayan aiki sun iya, babu laifi.

Masu adawa na cewa takarda ba ta motsi, ba ta da reshe a gabanta, kuma tazararta an auna ta. A daji ido kan yaudari mutum, abin da ya zata yadi 45 ya zama 60. Iska kan karkatar da ƙwayoyi, tsuntsu kan taka ƙafa ɗaya daidai lokacin harbi.

A wurinsu, amfanin harsashi mai ƙarfi shi ne ya rufa wa mutum asiri idan ya yi kuskuren auna tazara, ba ya zama dalilin ƙara nisa ba. Shi ya sa suke riƙe na'urar auna tazara, suna sa wa bishiyoyi alama tun kafin tsuntsu ya bayyana.

Gardamar ta ƙara zafi ne saboda adadin talotalon ya fara raguwa a jihohi da dama na kudu da tsakiyar ƙasar. Masana na danganta hakan da lalacewar wuraren sheƙa, da namun da ke cin ƙwai, da sauyin yanayin ruwan sama.

Wasu masu bincike, ciki har da Michael Chamberlain na Jami'ar Jojiya, na jan hankali kan cewa kashe manyan maza da wuri, kafin mata su gama barbara, na iya rage ƙyanƙyasa.

Jihar Jojiya ta rage adadin da mutum zai kashe daga uku zuwa biyu a 2022, ta kuma jinkirta buɗe lokacin farauta. Jihar Kansas ta dakatar da farautar kaka a 2023.

Tsuntsun da aka raunata ya gudu ba ya shiga wannan lissafi. Mafaraucin zai ci gaba da neman wani don cike rabonsa, daji kuma ya yi asarar biyu maimakon ɗaya.

Tsofaffin mafarauta na ganin ainihin gwanintar ita ce iya kira, da haƙurin zama ba motsi har namijin ya tako da ƙafarsa zuwa yadi 30. Idan ya tsaya a yadi 55 ya ƙi matsowa, takardar da aka ƙirga tun watan Maris ta riga ta ba da amsa: a sauke bindiga, a dawo gobe da asuba.